Mangazar Taki a Guci

Su uku suka haɗa hannu suka buɗe mangaza, wato shagon takin zamani, a bakin kasuwar Guci: Harouna, da ƙanen mahaifinsa Baba Ayuba, da Sambo mai ɗauko kaya daga Magariya. Harouna ne ya tsara yadda za a yi aiki. Ya taɓa ganin haɗin gwiwa ya watse saboda zargi, shi ya sa ya ce a sa kwaɗo uku a ƙofar ƙarfen, kowa da lakilensa, ba a buɗewa sai duka ukun suna tsaye. Ko buhu ɗaya manomi yake so, sai an nemo su an tara. Mutane suka yi ta ƙorafi, wasu suka koma saye a Waca. Harouna ya ce gara haka da a ɓata zumunci.

Ranar da abin ya faru, ruwa ya sauko tun hantsi kamar da bakin ƙwarya. Kafin azahar kwatar bayan kasuwa ta cika ta juyo kan mangazar. Harouna ya iso a guje, ya tarar ruwa yana shiga ta ƙarƙashin ƙofa. A ciki kuwa akwai kayan da aka sauke shekaranjiya, jarinsu gaba ɗaya, har da kuɗin saniyar matarsa. Taki in ya sha ruwa narkewa yake kamar gishiri.

Ya buɗe kwaɗonsa. Baba Ayuba ya iso lulluɓe da leda, ya buɗe nasa. Saura na Sambo, shi kuma ya tafi Magariya tun asuba.

Harouna ya kira shi, babu rezo. Ya sake kira, ya hau kan amalanke ya ɗaga wayar sama, shiru.

"Baba, mu fasa kwaɗon."

"Da bakinka ka sa muka yi rantsuwa," in ji Baba Ayuba. "Ka ce duk wanda ya taɓa kwaɗon wani ya ci amana. Ni ba na karya rantsuwa."

"Baba, dubi ruwan nan! Don Allah ka duba!"

Tsohon ya duba, ya kau da kai.

Harouna ya tuɓe rigarsa ya cusa ƙarƙashin ƙofa. Ya durƙusa yana tara laka da hannu yana yin shinge, ruwa na kwashewa. Ruwan da ke fitowa daga ciki ya fara yin fari-fari. Da ya ga haka sai ya tashi ya ɗauki dutse ya hau dukan kwaɗon har yatsansa ya fashe, kwaɗon ko gezau. Shi da kansa ya zaɓo shi, mafi ƙarfi a kasuwa.

Ya ruga maƙera. Gajere maƙeri ya biyo shi da guduma da kurfin yankan ƙarfe.

"Alhakin rantsuwar a wuyana, Baba. Ka matsa," in ji Harouna.

Baba Ayuba ya matsa. Sai da Gajere ya yi gumi a cikin ruwan kafin ƙarfen ya saki.

Sahun ƙasa duk ya tafi, buhunan sun lotse kamar an zare musu rai, na sama sun zame sun faɗa cikin ruwa. 'Yan kasuwa suka shigo aka yi ta miƙa abin da ya saura zuwa rumfar mai shayi. Bai kai rabi ba.

Da la'asar Sambo ya iso a kan kabu-kabu, jiƙe sharkaf. Ya leƙa ciki ya daɗe, sannan ya juyo.

"Me ya hana ku fasa tun farko?"

Harouna yana zaune a dokin ƙofa, taki na cin ciwon yatsansa. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, daga gobe duk wanda yake kusa shi zai buɗe ya sayar.

"In akwai abin sayarwa," in ji Sambo.

Harouna ya tashi, ya ari amalanke, ya fara loda jiƙaƙƙun buhunan ko gonar wani za ta amfana kafin su ƙarasa narkewa.