Labarin da Ba a Faɗa ta Waya

"Halimat, riƙe min rikodar nan, nas ta ce kar in ɗaga hannu."

Na karɓa ina harararsa. Mutum yana kwance a gadon asibiti, ana yi masa ƙarin ruwa, amma hankalinsa na kan babi na biyar! Haka Oga Dominic yake. Ƙofarsa na kallon tawa a gidan hayarmu na Bwari, kuma tun rasuwar matarsa Lydia ban ƙara ganin takalmin baƙo a bakin ɗakinsa ba. Digiri na uku yake yi a fannin sadarwa, amma sai wayarsa ta wuni ba ta yi ƙara ba. Nakan tsokane shi da haka, ya yi dariya, ni kuma in koma ɗaki tausayinsa ya ishe ni.

Bincikensa a kan yadda majami'un ƙauye ke sanar da mutuwa ne. Duk Asabar sai ya hau babur ya je ya zauna da dattawan coci yana naɗar maganarsu. Sun gaya masa a da ba a aike. Mutum ne zai taka da ƙafarsa, ya zauna, a ba shi ruwa ya ajiye bai sha ba, sannan ya buɗe baki. Yanzu kuwa kafin gawa ta huce an ɗora hoto a wasap.

"A imaninmu Allah bai tsaya daga nesa ya yi magana ba," ya ce da ni. "Zuwa ya yi ya zauna da mutane. Aikin ke nan gaba ɗaya, sauran duk turanci ne."

"To Dakta, sha kununka."

"Ban zama Dakta ba tukuna." Ya ɗaga ido yana kallon silin. "Mamana yana Paikon Kore. In abin ya zo, kar ya ji a waya. Abeg, ki je."

"Haba Oga, wace irin magana ce wannan? Ni ba danginka ba, ba 'yar cocinku ba."

"Ke ce mai ƙwanƙwasa ƙofata."

Na gyara masa bargo.

Ranar Alhamis da hantsi ina ofis aka kira ni daga asibiti. Ni dai a waya na ji rasuwarsa. Ko da na isa, na tarar da James, abokin karatunsa, tsaye a baranda yana danne-danne a waya.

"Don Allah ka dakata, kar ka tura ko'ina."

"Madam, it's already in the group."

Wallahi kamar in shaƙe shi. Mutumin da bai taɓa leƙo Dominic ba yana raye, shi ne mai saurin yatsa yau. Ban tsaya ganin gawar ba, na ja mota. A Zuba cunkoso ya tsare ni, ina kuka ina danna hon kamar mahaukaciya. Daga abokan karatu labarin zai faɗa zauren wasap na coci, daga coci sai ƙauye. Na san hanyar da labari ke bi, shi da kansa ya zana min ita a babi na uku.

Da tambaya na samu gidan. Tsohuwar tana zaune a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, 'yar ƙaramar waya na rataye a wuyanta da zare.

"Sannu 'yata. Daga ina?"

"Daga Bwari, Mama. Maƙwabciyar Dominic ce."

"Ai ke ce Halimat mai kunu! Yana ba ni labarinki."

Ta yi dariya, na gane ba ta ji ba. Na cire takalmi na zauna a gefen tabarmarta. Ta miƙe da ƙyar ta ɗebo min ruwa a randa. Maƙogwarona a bushe yake ƙamas, amma na karɓi kofin da hannu biyu na ajiye a ƙasa.

Ta dubi kofin. Ta dube ni. Dariyar ta tafi a hankali.

Sai wayar wuyanta ta fara kuka.

Ba ta ko duba ba. Ta sa tafin hannu ta danne ta a ƙirjinta, ta matso har gwiwarta ta taɓa tawa.

"Bar shi ya yi ta kuka," ta ce. "Ke da kika zo, faɗa min."

Na riƙe ɗayan hannun nata, ɓawon gyaɗa na manne a yatsunta, na faɗa mata. Wayar ta yi ta kuka a ƙarƙashin tafinta har ta gaji. Wata kaza ta zo ta tsoma baki a kofin, babu wanda ya kore ta.