Gonar da Gawo ke Ciki

Malam Lawali na Cake bai yi doguwar wasiyya ba. A gaban liman ya ce, "Gonar da gawo ke ciki ta Hamsatu ce." Hamsatu jikanyarsa ce. Ubanta ya riga tsohon rasuwa, don haka ba ta da gado sai wannan.

Ɗan tsohon, Mutari, wanda ko ƙuda ya faɗa masa a fura sai ya tsotse shi kafin ya yar, maganar ta tsaya masa a rai. Gonaki uku tsohon ya bari, guda ce mai gawo. Ran kasuwar Gidan Amumune, gari ya watse, gogan ya kai gawon ƙasa, ya tone kututturen, ya baje wurin. Bai ɓata lokaci ba ya sayar wa Gazali mai kanti da gonar.

To, Mutari ba ya asara. 'Ya'yan gawon ya kwashe tas, ya ɗaure shanunsa a babbar gonar da ya keɓe wa kansa, yana zuba musu. Ga abinci kyauta, ga taki. Har yaba wa kansa yake yi.

Hamsatu ta kai ƙara gaban mai gari, ba a zauna ba sai da shuka ta kai gwiwa.

"Ranka ya daɗe, tsufa ne ya ruɗa Baba," in ji Mutari. "A je a duba. Duk gonarmu da aka ga gawo a ciki, ta ɗauka, na yafe."

Aka ɗunguma har da liman. Gonar da Gazali ya saya ko ƙayar gawo babu. Mutari ya gyara hula zai juya.

"Baba Mutari, saura biyu," in ji Hamsatu.

A babbar gonar, tsakanin gero, duk inda saniya ta yi kashi ɗan gawo ya tsiro shar. Kowa a Cake ya san irin gawo sai ya bi ta cikin dabba yake tsira da kyau. Mutari ma ya sani, kwaɗayi ne ya mantar da shi.

Mutari ya ce, "Waɗannan ai 'yan tsirrai ne."

"Marigayi bai faɗi tsawo ba," in ji mai gari. "Kai ma ɗazu ba ka faɗa ba."

Hamsatu ta dubi geron, baƙi ƙirin don ƙoshi, ta rusuna da ladabi.

"Baba, Allah ya saka da taki."