Fenaritin Alhaji Sagir

Ni Lami ban taɓa buga ƙwallo ba, Allah ya sawwaƙe. Amma tun ina da jajayen sawu nake sayar da shinkafa da wake a ƙofar wani kamfanin tabarmar roba a Sharada, kuma filin ƙwallon ma'aikata yana bayan rumfata. Duk ƙaton da ya taɓa sa jesin kamfanin nan na zuba masa abinci. Na san mai gudu a fili, na san wanda bakinsa ne kawai yake gudu. Da aka ce wai kulob ɗin ƙwallon kamfanin ya cika shekara arba'in, za a zaɓi gwanaye goma sha ɗaya na tun kafuwarsa a zana su a jikin katangar fili, tsaki na ja. Namiji in gwiwa ta mutu, ba abin da ya rage masa sai jera sunaye.

Da ban sa baki ba, ba don ƙanena ba. Ɗan'auta ni na goya shi bayan rasuwar innarmu, kuma shi ne lamba taran kulob ɗin a zamanin da ake gasa tsakanin kamfanonin Sharada da Challawa da Bompai. In ya ɗauki ƙwallo har mata masu talla ajiye faranti suke yi. Yanzu gadi yake yi a wani sito a Dakata, yana jan ƙafar hagu, gidan haya, ba cas ba as. Tun da ya ji zancen katangar nan ya hana kansa sukuni. Ya tono wani tsohon hotonsa da aka ɗauka yana tsaka da gudu da ƙwallo, ya kawo mini yana share shi da hannun riga.

"Yaya, ko ba komai jikokina sa zo su gani," in ji shi. "Su san ba da sandar gadi aka haife ni ba."

Na ce masa ya ci abincinsa kafin ya huce. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji.

To ga inda gizo ke saƙa. A wancan zamanin manajan ma'aikata shi ne Alhaji Sagir. Shi ke raba obataim, wato aikin bayan tashi mai ƙarin kuɗi, shi ke tura mutum ɗakin narka roba inda zafi ke cin fata, shi ke cewa gobe kada ka zo. Kuma Allah ya jarabce shi da son ƙwallo, ga tumbi kamar an kifa ƙwarya. Sai ya sa jesi ya shiga cikin 'yan wasa ya tsaya can gefen fili yana riƙe da ƙugu, ko ƙuda bai kora ba. Amma da alƙalin wasa ya busa fenariti, sai ka ga ya taho yana taku ɗai-ɗai, ya miƙa hannu. Wanda aka kayar ɗin shi zai tashi, ya ɗauki ƙwallo, ya goge ta da jesinsa, ya rusuna ya sa masa a hannu. Ba wanda ya rubuta wannan doka, ba kuma wanda ya taɓa karya ta. Gololin wasu kamfanonin ma, in suna da ƙane mai neman aiki, sai su faɗi can wani ɓangaren.

Wa ake kayarwa? Ɗan'auta. Shi ake kwashe wa ƙafa, shi ake takawa, ni ke dafa ruwan gashi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Gurguntar da yake yi yau, daga nan ya samo ta.

Kwamitin biki tsofaffin 'yan wasa ne, matsorata tun suna samari. Don kada a ce sun yi son kai, sai suka damƙa aikin zaɓen ga wani Abdulbaqi na ofishin akanta, mai yawo da kwamfuta a jaka kamar mai goyon jariri. Ya tattaro rahotannin alƙalan wasa na shekara da shekaru ya ɗura mata. Da sakamakon farko ya fito, wai wanda ya fi kowa zura ƙwallo a tarihin kulob shi ne Alhaji Sagir.

Ka zo ka ga gyaɗa kai a rumfata. Sule, tsohon golan kulob, wanda da bakinsa yake kwaikwayon tafiyar Alhaji muna dariya, shi ne ya tanƙwashe ƙafa yana cewa, "Ai alƙaluma ba sa ƙarya." Na dube shi na ce su ba sa yi, masu karanta su fa? Ya ce in ƙara masa yaji.

Gaskiya ɗaya ce, Abdulbaqi duk da iyayinsa ba makaho ba ne. Shi da kansa ya zo ya zauna a bencina, ya buɗe kwamfutar kusa da kwanon mai har sai da na janye.

"Hajiya, akwai abin da bai yi mini ba," ya ce. "Duk ƙwallayen Alhaji fenariti ne, ko ɗaya babu ta cikin wasa. Masu wannan lissafin a duniya ware fenariti suke yi gefe, su ƙirga sauran. In na yi haka, Baba Ɗan'auta ya ninka na bayansa."

"To yi mana," na ce. "Ko sai an yanka maka rago?"

Ya yi. Kwamiti suka yi ta soshe-soshen ƙeya, sannan suka tuna Alhaji ya daɗe da ritaya, kamfanin ma ya canja hannu, ko ɗan shara ba zai iya sa a ɗauka ba. Nan take suka zama jarumai. Suka ce ai ba su ba ne, kwamfuta ce ta faɗa.

Ranar biki Asabar ce bayan la'asar. An kafa rumfuna, an shafe katanga da farin fenti, Mamman mai zane ya ja gurabe goma sha ɗaya da lambobinsu. Tsarin shi ne a kira mutum, a ba shi sabuwar ƙwallo, ya gaisa da manyan baƙi, ya je ya tsaya ƙarƙashin lambarsa. Ni na ɗinka wa Ɗan'auta shadda ruwan toka. Ya zo da jikokinsa sun sha wanka. Alhaji Sagir kuwa yana layin gaba a matsayin uban taro, ya tsufa, ya rame ta ko'ina ban da tumbin.

Sule ne da makirufo. Da ya ce, "Lamba tara, Ɗan'auta," wallahi sai da idona ya kawo ruwa, ni da ba na kuka ko a gidan mutuwa. Ya fito yana jan ƙafa, aka ba shi ƙwallo, ya bi layin manya yana gaisawa. Ya iso gaban Alhaji. Alhaji ya miƙo hannu.

Ina kusa, na gani da idona. Hannun musabaha ne, a karkace, irin na barka da arziki. Amma sai na ga ƙanena ya tsaya cak. Ya goge ƙwallon da gaban sabuwar shaddar da na ɗinka, ya rusuna a kan wannan matacciyar gwiwar, ya sa wa Alhaji ita da hannu biyu.

Shi kansa Alhaji sai da ya yi turus. Da mai kunya ne da ya mayar. Ina, sai ya rungume ta a kan tumbi yana murmushi.

"Jama'a kun ga tarbiyya," in ji Sule a makirufo. "Ɗan'auta ya ce Alhaji ne lamba tara."

Fili ya ɗauki tafi. Abdulbaqi ya miƙe da kwamfutarsa a buɗe yana cewa ba haka lissafi ya nuna ba, wani ya ja masa riga ya zaunar da shi. Sule ya kai wa Ɗan'auta makirufo saitin baki. Kalma ɗaya ta ishe shi. Na ƙura masa ido, ya kauce wa nawa.

"Ai babba babba ne," ya ce.

Aka riƙo Alhaji aka kai shi ƙarƙashin lamba tara, ana ɗaukar hoto.

Ban bari mun je gida ba, a bayan rumfata na tare shi. Na ce, "Auta, me zai ba ka? Obataim? Mutumin da ko kansa ba ya iya tayarwa daga kujera? Shekara nawa da rabuwarku, har yanzu tsoronsa kake ji?"

"Ba tsoro ba ne, Yaya."

"To mene ne?"

Ya dubi takalminsa. "Hannu ya miƙo," ya ce.

Haushi nake ji kamar in rufe shi da ludayi, tausayi kuma ya hana ni. Na kwashe kwanukana na tare keke na tafi.

Bayan kwana biyu Mamman mai zane ya fara aiki, sai ya ci karo da matsala. An bincike gidan Alhaji kaf, ba hotonsa ko ɗaya da ƙwallo a ƙafa. Daga wanda yake riƙe da ƙugu sai wanda yake karɓar kofi. Mamman ya ce shi ba zai zana lamba tara a tsaye kamar mai jiran bas ba. Aka rasa yadda za a yi, sai ga hoto ya samu. Ba sai na tambayi wanda ya ba da aro ba.

Yanzu in na juya zan ɗebi ruwa, katangar nake gani. Kan Alhaji Sagir ne da furfurarsa da murmushinsa, a ɗore a kan jikin saurayi siriri yana tsaka da gudu, ƙafar hagu ta lanƙwasa za ta saki ƙwallo. Ni na wanke ƙafar nan tun tana ƙarama, ni na gasa ta da ta kumbura.

Ran Juma'ar da ta wuce Ɗan'auta ya zo da jikokin. Bai tsaya wajena ba, ya zarce da su gindin katanga. Ina jin sa daga rumfa, ya ɗaga ƙaramar a kafaɗa yana nuna mata da yatsa.

"Daga wuya zuwa ƙasa," yake ce mata, "duk ni ne."