Waƙar da Mama Edith Ta Roƙa

"Ba ni na kafa dokar ba, Maman Taufiq," in ji shugabar zumuntar mata, tana gyara jakarta a kafaɗa. "Wadda ta yi shekara ba ta zuwa taro ta fita, sai ta tsaya gaban 'yan'uwa ta nemi gafara."

Na ce, "Mama Edith ta tsaya da wace ƙafa? Kin dai gan ta yanzu."

"Kwamiti zai zauna ran Alhamis."

"Yau Litinin fa, Maman Daniel."

"Na sani. Mu ci gaba da addu'a."

Ta sa takalminta ta fita neman keke. Na bi ta da kallo, raina kamar ya fashe. Ni Musulma ce, ban san tsarin cocinsu ba, amma shekara goma sha ɗaya ƙofata na kallon ta Mama Edith a gidan hayarmu na Hausari, kuma na san abin da ta roƙa bai taka kara ya karya ba. Likita ya sallamo ta, ya ce a kai ta gida. Ba ta nemi nama ba, ba ta nemi a kai ta ƙauyensu ba. So take matan zumunta su zo da tulunsu da caki su yi mata waƙa tana ji da kunnenta.

Laifinta kuwa kowa a gidan ya san shi. Akwai wata tsohuwa, Ya Kaltum, da ta gudo daga Zabarmari ba ta da kowa, ta kamu da ciwon ƙoda. Asibiti suka ba ta ranar Alhamis don wankin ƙoda, ranar taron zumunta ke nan. Ni ina koyarwa, sauran kowa ya kawo uzurinsa. Mama Edith ce ta riƙa ɗaukarta a keke, ta zauna awa huɗu a benci, ta dawo da ita ta wanke mata amai. Shekara biyu tana haka har tsohuwar ta rasu. Ba a jima ba ita ma ta kwanta.

Na shiga ɗakin ina huci. 'Yarta Praise na yi mata fifita.

"Kin yi faɗa da baƙuwata," in ji Mama Edith. Muryar da ƙyar take fita.

"Ban ma fara ba. Mama, me ya sa ba ki je kin ba su haƙurin nan tuntuni ba, ki huta?"

"In ce musu me? In ce na yi kuskure?" Ta numfasa. "Wanda ya ce in kai ta asibiti yana jina. Ba zan tsaya a gidansa in yi masa ƙarya ba."

Ita ma taurin kan ke nan. Ta ba ni haushi.

Ran Talata Praise ta kira matan zumunta shida a waya. Kowacce ta yi kuka, kowacce ta ce sai abin da kwamiti ya ce. Ɗaya har ta aiko da kunun gyaɗa a fulas, ga wadda ko ruwa ba ya wuce mata.

Ran Laraba bayan la'asar numfashinta ya sauya. Praise ta dube ni.

"Anti, zan yi mata waƙar ni kaɗai. Ki ɗan buga min wani abu."

Ban san waƙar ba, ban kuma taɓa buga tulu ba. Na jawo jarkar ruwa, na cire silifas ɗina, na riƙa dukan bakinta yadda nake jin suna yi. Praise ta fara, ta manta baiti na biyu ta koma na farko. Mama Edith ta ɗaga yatsa ɗaya tana saukewa a kan zane, tana gyara min kiɗan, don sauri nake yi. Na rage. Ban san lokacin da yatsan ya daina ba.

Ran Alhamis, washegarin rasuwarta, kwamiti ya zauna, ya yafe mata. Da yamma suka iso, sun kai arba'in, kowacce da zanen zumunta an goge shi tas, ga tulu uku. Maman Daniel ta riƙe hannuna ta ce, "Ai mun mayar da ita cikinmu." Na zare hannuna na je na shimfiɗa musu tabarmi, don in na buɗe baki ba za a ji daɗi ba.

Gaskiya sun iya waƙa. Suka jeru a tsakar gida suna fuskantar ƙofar ɗakin, har masu shaguna suka leƙo. A bayansu katifar Mama Edith na jingine da katanga, inda ni da Praise muka fitar da ita da safe, tana shan sauran rana.