Ƙwanƙwasa Ka Gudu

…kuma wannan ma wayam. Suna, babu. Lambar waya, babu. Gurbin da aka ce "rubuta abin da ka sani" fari fat, kamar an wanke shi da sabulu. Injiniya yana zaune gaban kwamfuta a ofis, abincin ranarsa na hucewa a gefe, fanka na juyawa kamar an yi mata dole. Injiniya! Abokan aiki ne suka laƙaba masa, shi da makaranta ta sallama tun bai ƙoshi da ita ba. Amma shafukan intanet na mutane yake gyarawa, kuma suna gyaruwa. Nasa ne dai…

Shafi ɗaya tak. Hoton Auta da rigar aiki, yana dariyar nan mai tona wushirya. A ƙasa ga fom: duk wanda ya gan shi ya rubuto. Auta, ƙanensa, da ya tafi aiki wani kamfani mai nisa — ya yi ta kira, ya rage kira, sai ɗif. Kamfanin ya ce ai ya ajiye aiki ya tafi. Ina? Oho.

Kuma Injiniya shi ya haɗa abin da hannunsa, duk saƙon da ya shigo wayar Inna, mahaifiyarsu, ta yi ƙara. Wane tsautsayi ya kai shi?

"Shi ne," in ji Inna, ranar da na farko ya zo ba komai a ciki. "Ka manta halin ɗan banzan? Ƙwanƙwasa ka gudu."

Wa ya koya masa? Ƙofar tela mai masifa, rana tsaka, su biyu ba takalmi — buga da ƙarfi, Auta, kar ka waiwaya! — sai bayan tankin ruwa, hannunsa a kan bakin yaron don kar dariya ta tona su…

Burauza ya fara zargi, manhajar nan da ake buɗe shafukan intanet da ita. Akwai tsohuwar burauzar da in mutum ya koma baya ya sake danna "aika", sai ta zubar da rubutun ta miƙa kwano wayam. Ya kama ta, ya toshe. Akwai mai cika gurabe da kanta, a ido sun cika, a ciki iska. Ita ma ya toshe. Saƙonnin ba su fasa zuwa ba. Kuma duk daga adireshin intanet ɗaya, na wani babban kamfani, ba ma wanda Auta ya yi wa aiki ba. Ma'aikata rututu, ƙofar fitarsu intanet ɗaya. A bakinta an girke furoksi, na'urar nan mai gadi, mai laluben duk abin da zai fita. Ƙunshin da bai yi mata ba ta zazzage shi, ta saki ambulan ya wuce.

Ya sa Dogo ya gwada, abokinsa mai aiki bayan irin wannan mai gadin. Dogo ya zauna ya tsara masa zagi har da na ƙaton kai. Ya iso wayam. A ranar, Injiniya ya shige banɗaki ya yi kuka — ashe mai yiwuwa ne! Ashe mutum zai iya zuba cikinsa gaba ɗaya, a zazzage a hanya… Yaya, ina nan. Yaya, kunya ce ta hana ni. Yaya, ku zo.

Sai dai… mai gadin nan ma yana da ƙaiƙayin hannu. Kowane shafi ya gani sai ya leƙa da kansa, ya danna maɓalli ya ga ko tarko ne. Ba mutum, ba rai. Shi ma abin da yake aikowa wayam ne. Wayam biyu, kamar an tsaga kara. Ɗaya ɗan Inna, ɗaya ƙarfe.

Maganin kuwa yana hannunsa. Ya sauya yadda ake ƙunshe saƙon, irin ƙunshin da mai gadi ke bari ya wuce. An gwada da Dogo a shafin gwaji, zagi ya iso cikakke, har da na kunnuwa. To daga yanzu in mutum ne, magana za ta zo. In kuma ya sake zuwa wayam —

Tun yaushe gyaran ke ajiye bai ɗora ba? Aiki ya yi yawa. Wuta na ɗaukewa. Ƙarya kake, Injiniya. Wanzami ne ba ya son jarfa.

Inna ta koma cin abinci. Wayar a ƙarƙashin filo, ko wanka za ta shiga sai ta ajiye ta a bakin ƙofa. Ta yi ƙara, Inna ta ce "muna lafiya, ɗan nan," ta shafa gilashin da babban yatsa. To a bar ta mana? Amma in shi ne fa — in yana can kwance a wani ɗaki, yana rubuta inda yake, yana ganin an karanta an share shi?

Ya danna. Gyaran ya hau.

Fanka. Wani na dariya a ɗakin gaba. Mai shara ta wuce da bokiti, ta ce Injiniya abincinka fa, ƙuda sun yi maka sallama. Bai san me ya amsa ba. La'asar na matsowa, lokacin da aka saba ƙwanƙwasawa…

Ga shi. Adireshin nan dai.

Suna, babu. Lambar waya, babu. Fari fat.

A'a, tsaya. Tsaya tukun. Wataƙila tsohon shafin ne burauzar Auta ta riƙe, ba ta ɗauko sabon ba, ana yin haka ai. Wataƙila mai gadinsu ba irin na su Dogo ba ne. Wataƙila akwai layin da ya kuskure, shi da ba boko ya yi mai zurfi ba… Wayarsa na rawa a kan tebur. Inna. Za ta ce ka ji shi ko? Yana kallon sunan yana haske, hannunsa ya riga ya buɗe aikin daga layin farko, yana bi, yana bi — shi da ya ƙare rayuwarsa yana roƙon Allah gyara ya kama —

Allah ka sa akwai sauran kuskure. Ko ɗaya ne…

Wayar ba ta daina ba.