Makon Tsakiyar Mayu

Takardar neman biyan kuɗi takan zo ne a watan Janairu, cikin ambulan mai hoton wata yarinya tana sulalowa daga kan tudun roba zuwa cikin ruwa, bakinta har kunne. Murja ta tsani yarinyar nan. Shekara huɗu ke nan tana yi mata dariya daga jikin firij ɗinsu a unguwar Setapak ta ƙasar Malay, alhali ko tafin ƙafar Murja bai san ruwan ba.

Mijinta, Malam Abdulbasit, shi ya jajibo musu ita. Malamin jami'a ne daga Kano, an turo shi karatun digiri na uku, mutum mai lissafi a komai in ban da ranar da ya tafi sayen yadi a titin kasuwa na Jalan Tuanku Abdul Rahman. Wani mai kwat ya tare shi, ya ba shi shayi, ya nuna masa hotuna. Ya dawo gida babu yadi, sai takardar shaida cewa ya mallaki mako guda a kowace shekara, har shekara ashirin da biyar, a wani masauki mai kallon filin wasan ruwa a bakin gari. Makon tsakiyar Mayu ya zaɓa, domin shi ya fi araha.

Malam ya lissafa komai, ya manta da wata. Kalandar kamfanin ba ta motsi, azumi kuwa kowace shekara sai ya matso da kwana goma sha ɗaya. Shekarar farko azumi ya faɗo cikin makon. Ta biyu ya haɗiye shi gaba ɗaya. Ta uku suka haɗu da korona. Wa zai kwashi iyali a tafi ninƙaya da azumi a baki? Sauya mako kuma da kuɗinsa. Amma kuɗin kula da gini bai taɓa yin azumi ba: na shara, na fenti, na gyaran famfo, har da na aske ciyawar da ba su taɓa takawa ba, kuma kowace shekara da ɗan ƙari a kai.

“Ka sayar da abin nan mu huta, Baban Khaulah.”

“Tun bara na sa shi a kasuwa. Ko mai tayawa babu.”

“To ka daina biya.”

“Na sa hannu, Murja. Alkawari ne.”

Bana ne abin ya fi yi mata ciwo. Wata biyar ba a turo masa alawus ba, sai ya ranci kuɗin da take tarawa daga dambun naman da take sayar wa ɗalibai, domin ya biya na bana. Ta ba shi, amma kwana uku gaisuwa kawai ke haɗa su. Ya lallashe ta da cewa bana makon ya dace da ƙaramar Sallah, za su more. Ana saura kwanaki kaɗan aka sake sanar da kullen korona.

Duk wannan a kunnen Inna Ɗelu, mahaifiyar Murja, domin bangon gidan bai fi kwali kauri ba. Wankan jego ta zo yi wa 'yarta na wata uku, aka rufe iyakoki, ga shi jaririn har ya fara tafiya. Ga ciwon suga, ga asma, kuma layin rigakafi bai zo kanta ba. Ba ta taɓa sa baki a maganar ba, sai dai ta ƙara jan carbinta.

Ana jibi Sallah da la'asar, Murja na suyar cincin, wayarta ta yi ƙara.

“Ina ƙasa, cikin mota,” in ji Malam. “Ba zan hau ba. Wanda muka wuni tebur ɗaya da shi jiya a ɗakin bincike, positive ne, korona ta kama shi. Na je an ɗauki gwaji, sun ce in killace kaina kwana goma.”

Murja ta kashe wuta. Ɗaki biyu gare su, banɗaki ɗaya. Ta leƙa falo, ta ga Inna zaune a kan dadduma, numfashinta na fita da ɗan fito kamar kullum. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba. Idan cutar nan ta shigo gidan, ta san wa za ta fara ɗauka.

“Otal fa?”

“Da wane kuɗin? Zan zauna a mota.”

“Kwana goma a mota? A zafin garin nan?”

Ta jingina da firij tana neman abin cewa, sai ga yarinyar ambulan daidai fuskarta, tana dariyarta.

Ta buga lambar da ke ƙasan hoton. Wata Bamalayiya ta ɗauka. Murja ba ta ɓoye mata komai ba, ta haɗa Turanci da ɗan Malayancin kasuwa ta zayyana mata. Matar ta ce filin wasa a rufe yake, amma an ware gini ɗaya domin masu killace kansu. Baƙi biya suke yi, masu mako kuwa sai an duba. Aka ji ƙarar madannai.

“An biya na bana?”

“An biya,” in ji Murja.

“Boleh, puan, zai yiwu, uwargida. Makonku ne ai. Ya taho yau. Sauran kwana ukun zan cika masa, ba kowa a ginin.”

Ta haɗa masa jaka, ta ajiye a bakin lif, ta koma ta tsaya a taga har motar ta ɓace.

Ranar jajibere sakamako ya fito, ya kamu. Zazzaɓi ya kwantar da shi, jin ƙamshi ya ɗauke masa. Aka zo aka gwada mutanen gida. Kwana biyun da aka yi ana jira, ko gyaran murya Inna ta yi sai gaban Murja ya faɗi.

Ranar Sallah ta aika masa da waina da miyar taushe ta hannun mai babur, ya kira su ta bidiyo. Ya rame, leɓensa ya bushe, amma sai da ya lallaba zuwa taga ya juya musu wayar. Ga tudun robar nan, shuɗi da rawaya, a bushe ƙamas. Ganye ya cika kwamin ninƙaya, wani biri na zaune a bakin matattakala yana sosa ciki.

Khaulah, babbar 'yarsu, ta tambaya da Malayanci ina ruwan ya tafi.

“Ya tafi yawon Sallah,” in ji uban, ya yi dariyar da ta ƙare da tari.

Inna ta gyara mayafi, ta matso, idonta a ƙasa irin na surukai. “Sannu, Malam. Allah ya ba da lafiya, ya saka maka da alheri.” Ta ɗan ɗago ta dubi fili. “Wannan ne gidan da ake ta magana a kai?”

Murja ta sunkuyar da kai. Ashe babu abin da ya wuce tsohuwar.

Washegari saƙo ya shigo, duk gidan babu wanda ya kamu. Murja ta shiga kicin ta yi sujada a kan tayil, ta yi kuka har ta gaji. Ta gode wa Allah, ta gode wa matar da ba ta san sunanta ba, har da mai kwat ɗin nan sai da ta ji ta yafe masa. Kwana goma suka cika, Malam ya dawo da ƙafarsa.

Da Janairu ta zagayo, ambulan ya zo, yarinya na nan da dariyarta, an ƙara ringgit tamanin na kuɗin ƙasar. Murja ta buɗe shi a falo, Inna na gefe tana ɗaure kayan komawa gida.

“Bana ma a azumi zai faɗo?”

“A'a, Inna. Azumi ya wuce shi. Sai bayan shekara talatin zai sake cim masa.”

“To, shekara talatin kam, ba da ni ba.”

Ta jawo bakin zaninta, ta kwance ƙulli da haƙori. Naira dubu ce guda ɗaya, ta yi laushi don daɗewa, wadda ko ruwan leda ba za ta saya ba a garin nan.

“Ungo, ku sa nawa a cikin kuɗin gidan.”

Murja ta buɗe baki za ta yi bayani, sai ta fasa. Ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu.