Rular Don Evaristo

A garinmu Melilla kowa cewa yake rular malami Don Evaristo ce ke cusa wa yara Turanci. Ni da na yi shekara arba'in ina koyarwa ban taɓa ganin katako ya koyar da kowa ba, don haka na bi jikata Nieves ajinsa, na zauna a baya.

Darasin ranar shi ne yadda Bature ke faɗin abin da aka riga aka yi. Nieves ta jera kalmominta irin na Sifaniyanci. Don Evaristo ya danne hannunta a tebur, ya yi ta zabga mata rula har yatsunta suka fashe, jini ya ɗiga a takarda.

"Jaka! Sake!"

Na tashi na fizge littafinsa mai amsoshi a baya, na zauna a kai.

"To, Malam, gyara mata."

"Doña Amparo, ajina ne fa!"

"Gyara, ɗan nan. Muna jin ka."

Ya yi ta motsa baki, gumi na zuba. Na ƙwace rular, na karya ta a bayan hannunsa.

Don Evaristo bai iya Turanci ba.